Rasuwar Mai Agwagi, Ledar Kujerar Babur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi ja ba don hayaƙin gawayi ba, mai wanki da guga na bakin layi, a madadin mahaifiyarsa da mai ɗakinsa da 'ya'yansa uku, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ledar da ke rufe kujerar babur ɗinsa, wadda aka fi sani da Mai Agwagi. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a kan teburin guga, tana da shekara goma sha huɗu a duniya, bayan wata rashin lafiya da aka yi wata guda ana nema a jikinta ba a gani ba. A gabansa ta cika. Kuma tun da sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, gara a faɗa tun yanzu cewa shi ne sanadi.

Marigayiyar ba a kan babur ta fara aiki ba. Ledar gado ce, shuɗiya, mai kauri, da zanen 'yan agwagi rawaya a jere. An sayo ta satin da aka haifi babbar 'yarsa don kada katifa ta lalace. Ta raini yara uku ɗaya bayan ɗaya, ta ga abin da ta gani a kan wannan katifa, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Da autar gidan ta daina jiƙa shimfiɗa, sai aka wanke ta, aka ninke, aka ɗora saman kabad. Kowa ya ɗauka ta yi ritaya ke nan, har ita ma.

Wanda bai san kujerar babur ɗin ba, ba zai gane girman wannan rashi ba. Babur ne ƙarami, irin mai faɗin wurin ajiye ƙafa, na hannu ya saya, wanda ya sayar masa ma na hannu ya saya. Fatar kujerar ta tsage a bakin ɗinki, tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba, amma soson da ke ciki mayen ruwa ne. In aka yi ruwan minti goma, sai ya riƙe shi kwana uku. Rana za ta fito, saman kujerar ya bushe ƙayau, ka shafa da hannu ka ji lafiya lau. Sai ka zauna. Kafin ka kai kwanar farko ta mayar maka da duk abin da ta ajiye. Shagon mai guga ba shi da rumfa. Ƙofar gidan da yake haya kuma matsattsiya ce, ga matakala uku, don haka babur a waje yake kwana, daidai inda indararon maƙwabci ke zuba, kamar an auna.

Shi dai wannan bai taɓa hana shi barci ba. Ya sauka da jiƙaƙƙen wando, ya shige bayan tebur, kafin ya goge riga biyar zafin dutsen guga ya busar da shi. Shekara huɗu yana haka, yana dariya tare da masu yi masa dariya.

Sai Inna ta faɗi. Mahaifiyarsa ke nan, wadda ke zaune tare da su a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Wata safiya a bakin famfo ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallame ta daga asibiti, likita ya ce a riƙa kawo ta gashin ƙafa Litinin da Alhamis, ba fashi, in ana so ta sake takawa da kanta. Kuɗin mota sau biyu a sati ya fi ƙarfin mai guga, to sai babur. Yakan ɗora ta a baya, ta riƙe ƙugunsa da hannunta mai lafiya, ya riƙa tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwanon ƙwai, masu keke suna wuce su.

Haka suka yi har damina ta faɗi. Wata Alhamis, kwana biyu bayan ruwa, ya sauke ta a ƙofar ɗakin gashi, ga mutane jere a kan benci, ga zanin Inna ya jiƙe daga baya sharkaf. Wata nas ta matso, 'yar kirki ce, ba da mugunta ta yi ba, ta rage murya ta ce, "Mama, kina iya riƙe fitsari kuwa? Ba abin kunya ba ne, akwai abin da muke bayarwa."

Inna mace ce da ta shekara talatin tana sayar da atamfa, ko ɗigon mai ba ta yarda ya kwana a zaninta. Ta juyo ta dubi ɗanta ta ce, "Mayar da ni gida."

"Inna, kujerar ce. Wallahi kujerar ce, ki duba wandona."

"Na gani. Mayar da ni. Ƙafar ta zauna yadda Allah ya ajiye ta."

Sati uku ba ta je ba. Ƙafar da ta fara ɗagawa ta koma ta sanƙare, ana ganin ta tana jan ta zuwa bakin ƙofa tana cije leɓe. A wannan sati ukun ne mai guga ya gwada duk abin da talaka ke gwadawa, kuma iyalan suna ganin ya dace a ambaci waɗanda suka riga marigayiyar, ko da ba su yi tsawon rai ba. Akwai baƙar ledar kasuwa, wadda iska ta ɗauke a daren farko, washegari aka gan ta a kan wayar lantarki tana ɗaga wa mutane hannu. Akwai kwali, wanda ya narke. Akwai salatif, wanda ya riƙe kwana biyu sannan ya saki kujerar ya kama farar rigar wani kwastoma. An kife baho a kai, uwar yara ta zo ta ɗauke abinta don tana da wanki. Ya je wurin mai ɗinkin kujeru, mutumin ya danna soson da babban yatsa, ruwa ya tsatso, ya ce, "Wannan ba faci ba ne, maigida. Sabon soso, sabuwar fata." Da ya faɗi kuɗin, mai guga ya tsaya yana kallon sama kamar mai duba hadari, ya yi godiya, ya tura babur ɗinsa ya tafi.

Uwar yara ce ta tuna da ita. Ta hau kan turmi, ta sauko da ledar daga saman kabad, ta kakkaɓe ƙura, ta ce, "Baban yara, wadda ta iya da 'ya'yanka uku, ruwan sama ne zai gagare ta?" Ya yanko roba daga tsohon tubun taya, ya lulluɓe kujerar, ya ɗaure tam. Da aka yi ruwa ya goge saman da tsumma sau biyu, ya zauna, ya yi tsalle a kai, ya tashi, ya juya wa matarsa baya don ta duba. A bushe. Aka kira Inna, ta sa tafin hannunta ta danna, ta daɗe tana dannawa, sannan ta ce a ɗauko mata mayafi.

Daga ranar Mai Agwagi ta yi damina biyu cur tana wannan aiki, ta shiga ta uku. Ta tare ruwan sama daga bisa, ta tare na soso daga ƙasa, tana tsakiya ita kaɗai. Rana ta ci launinta, agwagin suka koɗe har sai wanda ya san su da can ne zai ce agwagi ne. An yi mata ba'a a tashar mai, an yi mata a ƙofar asibiti, bakanike ma yakan tambaya ko jaririn na nan lafiya. Ko gezau. Ba ta da yawan magana. In ruwa na sauka, ana jin ta daga ɗaki tana cewa taf, taf, taf, mai guga ya gyara kwanciya. In an ɗauki hanya, gefenta da ya saura yakan riƙa yin faf-faf-faf a iska, Inna ta ce, "Ga ta nan, ta fara surutunta." A kanta Inna ta koma asibiti. A kanta ta tashi daga jan ƙafa ta koma sanda, har watan jiya ta taka daga ɗakinta zuwa bakin famfo sandar na rataye a hannu.

Rashin lafiyar ta fara ne wata guda da ya wuce. Wata Litinin ya sauke Inna, ya ga ɗan danshi a bayan zaninta, bai fi faɗin tafin hannu ba. Ya yi maza ya tsaya a bayanta har suka shiga, ya ce, "Ledar ta huje, Inna, yau zan gyara." Ta ce, "To."

Mai guga yana da hanyarsa ta yi wa leda faci. Yakan yanko ɗan ƙyallen leda, ya ɗora a wurin, ya rufe da takardar buhun siminti, ya bi ta kai da dutsen guga na gawayi wanda ya fara hucewa. Shekara ashirin yana riƙe da wannan dutse, ya san zafinsa kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa. Kusa da kumatu kawai yake kai shi, ya san ko na shadda ne, ko na siliki, ko na leda. Matsalar ita ce bai ga hujin ba. Ya ɗaga ta a rana, bai gani ba. Ya haɗa kusurwoyinta huɗu, ya cika ta da ruwa, ya rataye a igiyar shanya, ya tsaya yana jira. Ko ɗigo. Duk da haka ya zaɓi inda kan wata agwagwa ya fi koɗewa, ya ce nan ne, ya manna faci.

Ranar Alhamis aka sake ganin danshin. Ya ƙara faci. Litinin ba a yi ruwa ba kwana biyar, aka sake. Ya ƙara na uku, ya ƙara na huɗu. Uwar yara ta same shi yana duba ledar, ta ce, "Baban yara, ka ƙyale ledar nan haka. Lafiyarta ƙalau."

"In lafiyarta ƙalau, daga ina ruwan ke fitowa?"

Ta dube shi, ta ɗauki bokitinta ta wuce.

A nan sai an faɗi abin da ba daɗi. Wannan mutum ne da ake miƙo masa riga, ya kai hanci, ya faɗa maka ko shayi ne ko gumi ko man inji. Ba a ɓoye masa tabo. Amma soson kujerar dama ya daɗe yana warin ruɓa, shi kuma ya riƙe wannan warin da hannu biyu, bai yarda hancinsa ya gaya masa komai ba. Wankin rabin unguwa ke bi ta hannunsa, na mahaifiyarsa ne kaɗai ba ya zuwa shago, uwar yara ke yi a gida. Tsoro yake ji, shi ke nan. Ya fi masa sauƙi ya nemi huji.

Ranar Asabar ya tashi yin faci na biyar. Ruwan asuba ya shiga ta ƙarƙashin ƙofar shago ya jiƙa buhun gawayi, ya yi fifita har hannunsa ya gaji, wuta ta ƙi kamawa. Da ya haƙura zuwa azahar, da ba a rubuta wannan sanarwa ba. Sai ya aro dutsen guga na lantarki wurin tela maƙwabcinsa, abin da bai taɓa yarda da shi ba, ya murɗa abin murɗawar yadda ya ga dama, ya kai kusa da kumatu. Baƙon dutse bai gaya masa gaskiya ba, lokacin bai gama ɗaukar zafi ba. Ya ɗora, ya danna, ya ƙirga kamar yadda ya saba. Takardar ta yi ja. Marigayiyar ta ce tsss, sau ɗaya, a hankali. Da ya ɗaga, ta tattare ta bi gindin dutsen, ta bar rami a tsakiyarta daidai siffarsa, da agwagi shida a ciki. Tela ya leƙo, ya ga dutsensa, ya ga fuskar mai guga, ya fasa maganar da ya zo da ita.

Ya rufe shago da rana tsaka, ya ninke ta, ya tafi gida. Inna na zaune bakin gado tana motsa yatsun ƙafa yadda aka koya mata. Ya durƙusa ya buɗe ledar a gabanta.

"Inna, na ƙona ta. Garin gyara. Amma kada ki damu, kafin Litinin zan nemo wata, wadda ba ta yoyo."

Ta sa yatsa ta cikin ramin, ta shafa bakinsa da ya ƙandare.

"Wannan ma ba ta yoyo," in ji ta.

"Tana yi, Inna. Hujin ne ƙarami, ido ba ya..."

"Ɗan nan, ka bari. Ba ledar ba ce. Ba kujerar ba ce. Ni ce." Ta kawar da kai wajen bango. "Matarka ta sani, ni na hana ta faɗa. Ina kallon ka kana ta manna mata faci, na kasa buɗe baki. Na ce tun da akwai mai ɗaukar laifi, bari ta ɗauka."

Mai guga ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kalli agwagin, ya kalli ƙafar gado. Wannan matar ce ta wanke shi yana jariri, yau tana gaya masa wannan da fuska a bango, shi kuma ba shi da abin da zai yi a kai, ba dutse, ba takarda, ba faci. Uwar yara, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Inna, da mun gaya wa nas ɗin nan. Ta ce akwai abin da suke bayarwa, wataƙila ma akwai magani."

"A gaban bencin nan? Ba zan koma ba."

"Inna, ƙafar ta kusa," in ji shi. "Likita ya ce in aka tsaya yanzu, baya za ta koma. Kin ga yadda aka yi wancan karon."

"Na gani. Na fi ka gani, a jikina take."

Sai ya ce, "To ba zan nemo wata ledar ba. Kujerar na nan yadda kika san ta, ba ta taɓa bushewa ba. Zan bar ta a buɗe ƙarƙashin indararo. In mun sauka, mu biyu za mu sauka a jiƙe, ni a gaba. Duk wanda ya duba, ya fara da wandona."

Inna ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta jawo ledar, ta auna gefen da wuta ba ta taɓa ba da tafin hannu, ta miƙa wa uwar yara, ta ce a yanke mata wannan a sa ƙarƙashin zanin gadonta.

Marigayiyar ta bar kujera, wadda suka yi zaman shekara biyu da 'yan watanni tare, yanzu tana waje tsirara tana shan ruwa. Ta bar robar taya da tsumman gogewa, duka ba su da aikin yi. Ta bar yara uku da ta raina, babbar cikinsu tana sakandare, ta ce ita ba ta san wata leda ba, kada a sa sunanta. Ta bar tela da dutsen guga mai agwagi shida a gindi. Ta bar wani mutum da ya tuhume ta sau biyar da laifin da ba ta yi ba, bai kuma samu ya nemi gafararta ba.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Rabin da ya tsira ya koma aikinsa na farko, a ɗakin da ke kallon tsakar gida, ba a buƙatar masu ziyara. Rabin da ya ƙone za a sa shi a kwandon shara na bayan shago gobe da safe, kafin motar kwasa ta zo, mai guga ne zai kai shi da kansa. Ana karɓar gaisuwa a bakin teburin guga. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo leda, ko tampol, ko shawara. Wanda ya ga kujerar a buɗe cikin ruwa, don Allah kada ya yi taimako ya rufe ta.

Wannan sanarwa ba za a manna ta a bango ba. Za a ninke ta a sa ƙarƙashin bargon guga, inda babu mai ɗagawa sai shi.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas zai tura babur zuwa bakin matakala. Zai hau, ya zauna, ya bari wandonsa ya sha ruwa sosai, sannan ya jira ya ji ko sandar Inna za ta taso daga ɗaki. Bai san ko za ta fito ba. In ta fito, saura wata biyu damina ta ɗauke, kujerar ta bushe, kuma har yanzu bai san abin da zai ce wa mutanen benci a lokacin ba.